Martani Daga Sahun Baya na Makaɗa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili, ko da zai ɗan zarce wanda aka saba ba masu aiko da wasiƙa, domin in yi tsokaci a kan sharhin da ya fito a shafinku na al'adu kwanakin baya. Marubucin ya nuna cewa zamanin tara makaɗa masu yawa a wuri ɗaya ya wuce, tun da yake yaro guda mai fiyano da kwamfuta yana iya zama a situdiyo ya fitar da amon goge hamsin da kakaki goma, ba tare da ya ciyar da kowa ko ya biya wa kowa kuɗin mota ba. Ya kuma kawo babbar tawagar makaɗan Turai, wadda ake kira okestira, a matsayin misalin ɓarnar dukiya da ɓata lokacin mutane. Ban ja da lissafinsa na kuɗi ba, domin duk wanda ya leƙa situdiyon waƙa a Kano ko Kaduna ya ga yadda fiyanon Yamaha ya sauƙaƙa wa matasa sana'a. Abin da nake ja da shi shi ne zaton da ya yi cewa amo kaɗai ake zuwa nema a irin wannan taro. Batun hukuncin kiɗa a addini kuwa na bar wa malamai, su ne masu fagen.

Ni injiniyan gine-gine ne, ba da kiɗa nake ci ba, kuma ba a gidan kiɗa aka haife ni ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin dattawan da ba su yarda ɗansu ya taɓa ganga ko goge ba, saboda gudun kada a kira shi maroƙi. Abin da ya buɗe mini ƙofa shi ne badujalar makarantarmu ta sakandare, wadda ke jan fareti ranar 1 ga Oktoba da ranar yara ta 27 ga Mayu. Da na kai masa maganar, ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya tambaye ni ko da kaki ake yi. Na ce da kaki ne, har da hula da ɗamara. Ya ce to wannan aikin soja ne, in je in yi. Na daɗe ina tunanin wannan amsa tasa, domin busa dai busa ce, amma kaki ya raba ta da roƙo a idonsa, kuma na tabbata iyaye da dama a ƙasar nan har gobe haka suke auna abin.

Mai koyar da mu wani tsohon ɗan sanda ne da kowa ke kira Saje, mutum marar yawan magana mai saurin kai hannu. Shi ya fara ɗora mini begila a baki. Wanda bai taɓa busa begila ba yana tsammanin iska ake turawa da ƙarfi, alhali leɓe ne ke yin aikin: ana matse shi ya riƙa karkarwa a cikin bakin ƙarfen, gwargwadon matsewar gwargwadon hawan sautin. Begila ba ta da maɓalli ko rami, saboda haka sauti biyar ne kacal ɗan koyo ke iya samu daga gare ta, kuma da waɗannan biyar ɗin ake busa tashi da taruwa da sauke tuta. Na yi kusan wata biyu ina fitar da abin da ya fi kama da kukan jaki kafin Saje ya daina kawar da kai idan na ɗaga ta. A shekarata ta uku ya ba ni kakakin Bature mai maɓalli uku, wanda 'yan badujala ke kira tirampet, ya kuma koya mini karanta rubutun kiɗa, wato ɗige-ɗigen nan da ake jerawa a kan layuka biyar. Da na bar makaranta na yi zaton na rabu da busa ke nan.

A 2004 na tafi Ingila ƙarin karatu, aka saukar da ni a birnin Manchesta. Wani malaminmu ya ba mu aikin nazarin ginin da ake kira Bridgewater Hall, babban zauren kiɗa na birnin, wanda aka buɗe a 1996 kuma yake ɗaukar mutum sama da dubu biyu. Abin da ya sa injiniyoyi ke sha'awar ginin shi ne an ɗora shi kacokan a kan manyan sifirin na ƙarfe kusan 280, domin kada girgizar jirgin ƙasa na cikin gari da motocin da ke wucewa ta gefensa ta shiga cikin zauren. Na yi mamakin a kashe irin wannan dukiya don kawai a hana ƙarar titi shiga ɗaki, sai na sayi tikiti mai araha na ɗalibai in ga abin da ake karewa haka. Tawagar da ke da zauren a matsayin gida ita ce Hallé, wadda wani makaɗin fiyano haifaffen Jamus, Charles Hallé, ya kafa a 1858, ke nan tun ana mulkin Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Sakkwato take kiɗa a wannan birni.

Na zauna can sama, inda nake hango dandamali gaba ɗaya. Makaɗa kusan tamanin suka shigo cikin baƙaƙen kaya, masu goge a gaba sun yi rabin da'ira, daga ƙananan da ake saƙalawa a wuya har zuwa manyan da sai an tsaya ko an hau doguwar kujera ake iya goga su, a bayansu masu sarewa da danginta, a bayan waɗannan masu ƙaho da kakaki, can ƙarshe kuma mai tambura. Kowa yana gwada kayansa, hayaniya kamar kasuwar Kurmi. Sai shugaban masu goge ya miƙe, wuri ya yi tsit, wani mai busa siririn abu baƙi da ake kira obo ya ja sauti ɗaya dogo. Nan take na gane dangin algaita ce, domin ita ma da ɗan kara mai baki biyu ake busa ta, sai dai muryarta ta fi laushi. A kan wannan sauti ɗaya, wanda ke karkarwa sau 440 a daƙiƙa, kowa ya daidaita tsirkiyarsa da ƙahonsa. Ba a fara kiɗa ba tukuna, amma ganin mutum tamanin sun karkata kunne ga mutum ɗaya ya sa na gyara zama.

A daren an buga simfoni na tara na Dvořák, mutumin ƙasar Cek, wanda ya tsara shi yana zaune a Amurka aka kuma fara buga shi a Niyok a 1893. Simfoni dogon kiɗa ne marar waƙa da ake kasawa babi-babi, galibi huɗu. Na zo da tsammanin ƙara ce za ta kaɗa ni, irin ta badujala, sai ga shi abin da ya tayar mini da tsigar jiki shi ne lokacin da masu goge sama da arba'in suka yi ƙasa da murya gaba ɗaya har ta koma kamar numfashin mai barci, kuma duk da haka tana isowa kujerata a can sama ba tare da lasifika ko ɗaya ba. A nan na fahimci amfanin sifirin ɗin nan 280. Masu gina irin waɗannan zaure suna auna tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu bayan an daina kaɗawa, kuma a zauren da aka fi yabo, irin na Musikverein a Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya, wanda aka buɗe a 1870, kusan daƙiƙa biyu ne. A cikin waɗannan daƙiƙa biyu mutum dubu biyu suna riƙe da tarinsu da motsinsu. Na sha jin wannan kiɗa a faifai daga baya, da na'urori masu kyau ƙwarai, amma na'ura ba ta taɓa kawo mini shirun jama'ar da ke kewaye da ni ba.

Wani abu ya ɗaure mini kai a daren. Akwai wani ƙato a sahun baya rungume da wani makeken ƙaho mai suna tuba, sunan da ba shi da wata alaƙa da tuban neman gafara. Tun da aka fara yana zaune, ya yi 'yar busa a babi na biyu, ya ajiye, bai sake ɗagawa ba har aka tashi. Daga baya na bincika na tarar cewa sauti 14 ne kawai Dvořák ya rubuta wa tuba a cikin kiɗan da ke cin minti arba'in da 'yan kai, mai buga farantan tagulla kuwa sau ɗaya tak yake haɗa su, a babin ƙarshe. A lokacin na yi irin tunanin da marubucinku ya yi, na ce a raina wannan ai cin albashin banza ne. Sai da na zauna a wannan sahu da kaina na janye maganar.

Yadda aka yi kuwa, na ga sanarwa a allon wani ɗakin karatu cewa wata ƙaramar tawaga ta 'yan sa-kai tana neman mai busa tirampet na biyu. Irin waɗannan tawagogi suna da yawa a garuruwan Ingila, ba wanda ake biya, hasali ma kowa ke ba da ɗan kuɗi a biya hayar ɗakin bita. Na sayi tsohon tirampet a shagon kayan gwanjo, na yi mako uku ina farfaɗo da leɓena a ɗaki da tawul cushe a bakin ƙahon saboda maƙwabta, sa'an nan na je. Muna haɗuwa kowace Talata da dare a zauren wata makarantar firamare. A cikinmu akwai ma'aikatan jinya, da direban bas, da lauya, da wata tsohuwa da ta haura saba'in tana goge. Na gefena, mai tirampet na ɗaya, tsohon ma'aikacin gidan waya ne da ya tashi a badujalar masaƙa, domin arewacin Ingila ya shahara da badujalar ma'aikatan masaƙu da na ramin kwal. Da na gaya masa a badujala na koya, ya miƙo mini hannu a karo na biyu.

Ranar farko aka ba ni takardata ta wani simfoni na Haydn, shahararren mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya, na duba na ga rabinta lambobi ne: 24, 16, 38, 61. Kowace lamba tana nufin yawan gaɓoɓin kiɗa, wato 'yan gajerun kason lokaci da ake raba kiɗan da su, da zan yi shiru kafin in sake busa. Dalilin haka ya ba ni dariya da na gane shi. A zamanin Haydn, wanda ya rasu a 1809, kakakin da ke cikin okestira ba shi da maɓalli, domin ba a ƙirƙiro maɓallan ba sai wajen 1815 a ƙasar Jamus. Ashe doguwar begila ce, mai 'yan sautuka ƙalilan, shi ya sa mai tsara kiɗa ke ajiye ta sai inda 'yan sautukan nata suka dace. Na tsallaka teku na koma kan abin da Saje ya fara koya mini. Bambancin shi ne a fareti ba a shiru, ana busa ne har a isa gaban mai karɓar gaisuwa, a nan kuwa mafi yawan aikina ƙirga ne: ɗaya biyu uku huɗu, biyu biyu uku huɗu, uku biyu uku huɗu, har zuwa sittin da ɗaya. Da Hausa nake ƙirgawa a zuci, ina bin gaɓoɓin yatsuna da babban yatsa kamar yadda muke yi bayan sallama, kuma abokin zamana ya lura da haka har ya nemi in nuna masa, domin shi da yatsu biyar kawai ya saba riƙe lissafi. Shi kuma ya ba ni fensir, ya ce kada in kuskura in zo bita babu shi, kada kuma in taɓa takardar da biro, domin ta aro ce kuma wani zai gaje ta.

A wasanmu na farko a gaban jama'a na yi abin kunyar da har yau idan na tuna sai na runtse ido. Na gayyaci wani abokina ɗan Katsina, bai zo da wuri ba, ina cikin ƙirga doguwar shiru sai na ga an buɗe ƙofar baya, na ɗaga ido in ga ko shi ne. Ɗaga idon nan bai fi ƙiftawa biyu ba, amma da na dawo ban san ko ina kan arba'in da bakwai ba ne ko da takwas. Na zaɓi ɗaya, na ci gaba, na cika huhu, na busa da dukan ƙarfina gaɓa ɗaya kafin lokaci, a daidai inda masu goge suke lallaɓawa a hankali. Ni kaɗai, a zauren da ke da mutum wajen ɗari biyu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Madugun, wato mai riƙe da 'yar sandar da ke ba da lokaci, bai ko dube ni ba, ya ci gaba da kaɗa hannu, tawaga ta wuce kamar ba a yi komai ba, abokin zamana ya shigo a daidai wurin, ni kuma na lallaɓa na bi bayansa.

Bayan an tashi ban ji zagi ba. Abokin zaman nan nawa ya karɓi takardata, ya zaro fensir, ya rubuta kalma ɗaya a saman gaɓa ta hamsin da biyar: obo. Ya ce mini ƙirga kaɗai ba ta isa ba, domin duk mai ƙirga wata rana zai ɓata. Abin da ke ceton mutum shi ne ya san abin da sauran suke yi, ta yadda idan ya ji obo ta shigo da ɗan karin nan nata ya san saura gaɓa shida. Daga ranar na daina ɗaukar lambobin nan a matsayin lokacin hutu. Na fara sanin inda manyan goge ke juyawa, da inda mai sarewa ke jan numfashi, da yadda mai tambura ke ɗora yatsa a kan fata yana sauraron ko ta saki saboda zafin fitilu. Na gane cewa ƙaton nan mai tuba da na raina yana aiki tun daga sautin farko, kuma sautukansa 14 ba za su faɗa a gurbinsu da nauyin da ya dace ba sai don ya bi duk abin da ya gabace su.

Akwai kuma wata matsala da sai wanda ya zauna a baya ya san ta, kuma a matsayina na injiniya ta burge ni. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, wanda yake da sauri a titi amma yana da nawa a kiɗa. Idan mai kakaki da ke can ƙarshen dandamali ya jira sai ya ji masu goge kafin ya busa, to kafin amonsu ya iso shi, nasa kuma ya koma gaba, ya riga ya makara a kunnen masu sauraro. Dole ya riƙa shiga da ɗan gaggawa kaɗan, yana dogara da sandar madugu da kuma motsin hannun shugaban masu goge. Masu ƙaho mai lanƙwasa sun fi kowa shan wannan wahala, domin bakin ƙahonsu baya yake kallo, sai amon ya bugi bango ya dawo. Mutane da yawa suna tambayata ko madugun nan yana da wani amfani, tun da kowa na da takardarsa a gabansa. Amsar ita ce mafi yawan aikinsa a wajen bita yake yin sa, inda yake tsayar da mu sau ashirin a kan gaɓa huɗu, ya ce masu kakaki sun danne masu sarewa, ko masu goge sun ja da baya. A ranar wasa kuwa shi ne wurin da idanu tamanin ke haɗuwa.

Wannan ne ya kawo ni kan fiyano. Gaskiya ne yana da maɓallin da aka rubuta wa goge, kuma idan aka danna za a ji abin da ya yi kama da goge masu yawa. Amma gogen okestira yana da kauri ne saboda mutum goma sha huɗu suna goga sauti ɗaya kuma babu biyu a cikinsu da suka yi daidai ɗari bisa ɗari, kowa yana gyara yatsarsa a kowane lokaci don ya matso kusa da na gefensa. Wannan 'yar tazara da ƙoƙarin cike ta su ne kunne ke ji a matsayin rai. Na'ura tana maimaita abin da aka ɗauka sau ɗaya, ba ta jin kowa, ba ta jiran mawaƙi idan ya ja numfashi, ba ta kuma iya shiga kafin lokaci ta ji kunya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce Bahaushe ne zai manta da wannan, alhali mun tashi muna ganin yadda 'yan amshi ke karɓe baiti daga bakin ubangidansu tun kafin ya dire shi, da yadda mai kalangu ke matse tsirkiya a hammata ya bi hawa da saukar muryar mawaƙi, har idan mawaƙin ya hango wani babban mutum ya shigo ya sauya zance nan take, makaɗa su juya tare da shi ba tare da an yi shawara ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin da marigayi Mamman Shata ke wasa ya san cewa abin da ke cikin kaset guntu ne daga abin da ya faru a wurin.

Ba na son a ɗauka cewa okestira wani abu ne na sama da ba shi da dangi a wajenmu. Haydn ɗin nan da na sha wahalar ƙirga shirunsa makaɗin fada ne, ya yi kusan shekara talatin yana yi wa gidan sarautar Esterházy hidima tun daga 1761, yana sanye da kayan barorin gidan, yana tsara abin da ubangidansa ke so a lokacin da yake so. Har habaici ya iya irin na makaɗan fada. A 1772 basaraken ya daɗe a gidansa na shaƙatawa da ke ƙauye, makaɗa sun ƙosa su koma wurin iyalansu amma ba mai iya faɗa. Sai Haydn ya tsara simfoni wanda a ƙarshensa makaɗa ke daina kiɗa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya hure kyandir ɗinsa ya fice, har ya rage masu goge biyu kawai a cikin duhu. An ce basaraken ya gane saƙon, aka ba da umarnin komawa gida. Duk wanda ya san yadda makaɗan fada a ƙasar Hausa ke isar da koke ga sarki a cikin yabo ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Inda zan goyi bayan marubucinku shi ne cewa waɗannan zaure suna da taurin da ke korar baƙo. An hana tafi a tsakanin babi da babi, kuma ranar da na fara zuwa na tafa ni kaɗai bayan babin farko, wata mata ta juyo ta yi mini kallon da ban manta ba. Abin haushi shi ne wannan doka ba ta da tsufan da masu tsare ta ke zato. Mozart, wani shahararren mai tsara kiɗa na zamanin Haydn, ya rubuta wa mahaifinsa daga Faris a 1778 yana murnar cewa jama'a sun ɓarke da tafi ana tsakiyar babin farko na sabon kiɗansa, kuma ya ce da gangan ya tsara wurin don ya burge su. A ganina shiru lokacin da ake kiɗa wajibi ne, domin shi ne ke bari a ji abin da aka zo ji, amma harara ga wanda ya yaba a inda aka tsaya girman kai ne kawai. Wurin da na fi sakewa shi ne bikin Proms na Landan, wanda aka fara a 1895 kuma BBC ke gudanarwa tun 1927, inda ake shafe kusan mako takwas na bazara ana kiɗa a Royal Albert Hall. Ana sayar da tikitin tsayuwa mai rahusa a ranar wasa, mutum ya bi layi ya shiga ya tsaya a tsakiyar zauren, gab da dandamali, kusa da makaɗa fiye da masu kujerun tsada. Na tsaya a wurin awa biyu ƙafafuna suna zafi, ina jin girgizar manyan goge tana hawowa ta tafin ƙafata.

Kada kuma a ce abin na Turawa ne kaɗai. Fela Sowande, haifaffen Abeokuta a 1905, ya tsara kiɗan da ya kira African Suite don tawagar masu goge tun a 1944, ya gina shi a kan karin waƙoƙin Afirka ta Yamma. A Legas akwai ƙungiyar MUSON da aka kafa a 1983, tana da cibiya a Onikan mai zauren kiɗa da makarantar koyar da matasa, kuma bayan na dawo gida na sha daidaita tafiyar aikina zuwa Legas da ranar wasansu, na ga yaran ƙasar nan riƙe da obo da goge suna daidaita sauti kamar yadda na gani a Manchesta. A Ingila ma, Chi-chi Nwanoku, mai kaɗa babban goge wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, ta kafa tawagar Chineke! a 2015 domin buɗe ƙofa ga makaɗa baƙar fata da sauran tsiraru, kuma a 2017 suka hau dandamalin Proms. Mu a Arewa kunnenmu ya daɗe da sabawa da tarin goge ta hanyar waƙoƙin Sudan da na Masar da iyayenmu ke kamawa a rediyo, ko da ba mu kira abin da wannan suna ba.

Ban rubuto don in ce a gina mana zaure a kan sifirin ba, alhali makarantunmu na neman rufi. Damuwata ta fi wannan kusa. Makarantar da na yi ba ta da badujala yanzu. Da na ziyarce ta na tarar da begilolin a cikin wani kwali a sito, sun yi tsatsa, ranar fareti kuma lasifika ake ɗaukowa haya a sa kaset. Masu algaita da kakaki da goge da na sani suna tsufa, 'ya'yansu sun koma situdiyo, kuma idan jarida mai daraja irin taku ta gaya musu cewa maɓalli ɗaya ya wadatar, ba su da dalilin waiwayowa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka tura marubucin nan, ko wani wakilinku, ya halarci bitar makaɗa masu rai ko da sau ɗaya kafin ya sake rubutu a kan wannan batu. Ba sai ya je Landan ko Legas ba, badujalar 'yan sanda ko ta soja da ke barikin garinsa ta isa, ko makaɗan fadar da ta fi kusa da shi idan ana shirin hawan salla. Ranar bita nake so ya je, lokacin da ake tsayawa ana gyara, kuma ya nemi izini ya zauna a baya, kusa da wanda ya fi kowa daɗewa bai busa ba, ya dubi yatsunsa da leɓensa. Idan ya yarda, ni zan raka shi, zan kuma zo da tirampet ɗina da fensir.

Na gode da wannan fili.

Naka mai karatu a kullum,
Wani injiniya daga Kaduna.